Zakaran Inna da Kwana Goma a Siri Lanka

Abu na farko da na saka a jaka ranar da za mu tafi Siri Lanka shi ne kakin aikina. Riga da wando da hular gadi, na goge su tsaf na ninke a ƙasan jaka, sannan na ɗora gajeren wando da silifa a sama. Abokin ɗakina, wani ɗan Zangon Kumasi da muke kwana ɗaki ɗaya a unguwar Mu'aither a Doha, ya tsaya yana kallona har na gama.

"Chale, teku za ka yi wa gadi?" in ji shi, don chale yake kiran duk abokinsa.

Na ce masa ya shiga sabgar gabansa. Amma shi ma ya san dalili, don a gabansa na yi ƙaryar.

Gadi nake yi a ƙofar wani rukunin gidaje a Ain Khaled, sa'a goma sha biyu a ɗan ɗaki mai farin bango. Kowace Juma'a da hantsin gida, ƙanwata takan je wurin Inna a ƙauyenmu na gefen Haɗejiya, ta kira ni ta bidiyo ta miƙa mata waya. Abin da Inna ta saba gani ke nan: ni cikin kaki, farin bango a bayana, na'urar sanyi tana gurnani. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunana ba, balle ta ce tana kewata. Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba ko da tsufa. Sai dai tun dawowata daga hutun baya ta ware wani jan zakara ta ce ba za a yanka shi ba sai ranar da na sauka. Duk Juma'a in mun gama gaisawa sai ta ce, "Zakaran nan fa yana ta cin dawa a banza." Ni kuma na san tambayata take yi yaushe zan zo.

Da hutuna ya fito bayan shekara biyu, sai na ce mata kafil, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya hana, wai babu mai maye gurbina.

Ba na neman a wanke ni, amma zan faɗi abin da ya sa. Hutun gida ba hutu ba ne. Tun daga filin jirgi kake zama na jama'a. Wannan na jiran tsaraba, wancan na jiran ka raba masa rigimar gona, wata gwaggo ta yi fushi don ka fara gaida wata kafin ita. Wancan karon da rama na koma Doha. Ga shi kuma tunda aka haife ni ban taɓa zuwa wani wuri don kawai in gani ba. Akwai wani abokin aikinmu ɗan Siri Lanka da kullum yake nuna mana hotunan garinsu, kore shar har ido ya gaji, mu kuma muna zaune cikin zafin da ko tsuntsu ba ya giftawa. Wata rana muna shan shayin karak a Bin Mahmud ya ce shi ma hutunsa ya zo, in muna so zai tsaya mana a ba mu biza. Ɗan Zango ya ce yalla, wato mu tafi. Ni ma na ce yalla, kafin zuciyata ta sami damar yin magana.

Ranar Asabar muka sauka. Tafiyar kwana goma ce, Juma'a ɗaya ce tak a ciki, kuma ita na ɗauko wa kaki.

Kwana uku na farko a bakin teku muka yi su, can kudancin tsibirin. Doha ma a bakin ruwa take, amma ruwanta kwance yake kamar na tafki. Wannan kuwa tasowa yake ya fi tsayin mutum, ya faɗo da ƙara, ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo har bisa ruwa. Masunta goma sha wani abu suna jan taru ɗaya da waƙa, muka kama musu igiya har tafin hannuna ya yi ja. Na sha ruwan wata kwakwa mai launin ruwan goro, na kwanta a inuwa ba wanda ya kira ni in buɗe ƙofa. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ɗan Zango mutum ne da ko tuwo aka ajiye masa sai ya ɗauki hotonsa kafin ya yi bisimilla. Duk inda ya ɗaga waya sai in kauce, in juya baya, in ja hula. Akwai wani ɗan garinmu direba a Doha wanda ke da lambarsa, kuma matar direban nan maƙwabciyar ƙanwata ce. Hoto ɗaya ya isa. Ranar Litinin na leƙa sitatus ɗinsa na ga masunta suna jan taru, can gefe ga gwiwar hannuna da agogona. Na juya wurinsa.

"Cire shi yanzu," na ce.

"Chale, hannu ne kawai. Wa zai san hannu?"

"Ƙanwata ce ta saya mini agogon nan."

Ya cire yana ƙunƙuni. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun gani, na karɓi wayar na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Direban ba ya ciki. Duk da haka kifin da aka gasa mana da yamma ban san ɗanɗanonsa ba.

Ranar Laraba muka hau jirgin ƙasa zuwa cikin ƙasar, ta tsakiyar gonakin ganyen shayi da suka lulluɓe duwatsu, mata da kwanduna a baya suna tsinka. Daga tasha muka shiga Keke Napep, don su ma shi ne abin hawansu, abokinmu ya kai mu wani wurin bautarsu da aka sassaƙa a cikin dutse. A ƙofa aka ce mu cire takalmi da hula. Takalmi ban damu ba, mun saba. Hular ce ta yi mini nauyi, na tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ɗan malamin allo nan. Na ce a raina kallo na zo yi, na yi ta'awwuzi a hankali na shiga.

Ciki da sanyi da ƙamshin turare da man fitila. Wani mutum-mutumi ne kwance a gefensa, tsawonsa ya kai na babbar mota, an shafe shi da ruwan zinariya. Mutane sanye da fararen kaya suna ajiye furanni a gabansa, ba mai ko tari. A cikin wannan shirun wayata ta ɗauki ƙara. Kiran bidiyo ne, daga ƙanwata, ranar Laraba.

Ba ta taɓa kira ranar Laraba ba. Kowa ya waiwayo. Na danne wayar a cinyata na fita da sauri, dutsen tsakar wurin yana ƙona mini tafin ƙafa. Abu biyu ne suka zo mini, ko asirina ya tonu, ko Inna ba lafiya. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne na farkon ne ya fara zuwa. Na rubuta mata cewa ina bakin aiki, manya na kusa. Na tsaya a rana ba takalmi ina kallon waya har amsa ta shigo. Ta ce ba komai, ɗanta ne ya danna, sai Juma'a.

Alhamis muka isa ƙauyen abokinmu. Gidansu na bakin fadamar shinkafa, mahaifiyarsa wata 'yar tsohuwa ce mai farin gashi da ta yi ta ɗora mana shinkafa da miyar kwakwa har muka roƙe ta ta bari. Ina ci ina ƙare wa bangon gidan kallo. Falo shuɗi ne. Ɗakin da aka ba mu kore. Na zagaya ko'ina, farin bango ɗaya ne a gidan, na bayan madafa, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano, yana fuskantar fadama.

Ranar Juma'a hantsin gida ya kama bayan azahar a can. Muka dawo daga wani ƙaramin masallaci a garin da ke kusa, na shiga ɗaki na saka kaki har da hula. Da na fito tsohuwar ta dube ni ta tambayi ɗanta da yarensu. Ya yi mata bayani. Ba ta yi dariya ba kamar yadda na zata. Ta ƙara dubana, ta faɗi wata gajeriyar magana ta shige madafa. Na tambaye shi me ta ce, ya ce, "Halas, bar shi kawai."

Na sa ɗan Zango ya kore kajin gidan zuwa gaba, na jingina da farin bango, na daidaita wayar yadda ba abin da zai fito sai ni da shi. Hadari ya haɗu tun muna masallaci, ina ta addu'ar ya dakata mini minti goma. Waya ta yi ƙara.

Fuskar Inna ta fito, kusa da waya sosai yadda ta saba, goshi da idanu kawai.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya aikin?"

"Da godiya."

"Ya zafin?"

"Ai sai haƙuri, Inna. Zafi kam ana sha."

Ban rufe baki ba ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, irin wanda in ya doki kwano ba ka jin maganar na kusa da kai. Na matso da wayar bakina na ɗaga murya na ce na'urar sanyi ce ta lalace take wannan ƙara. Inna ta tsura mini ido. Ita da ta shekara sittin tana kwana ƙarƙashin kwano, ni ne zan koya mata ƙarar ruwan sama. Sannan kajin da aka kora suka rugo neman mafaka, suka shigo rumfar da nake. Wani baƙin zakara ya haye turmi dab da ƙafata, ya karkaɗe jikinsa, ya miƙe wuya ya yi cara.

Na ji ƙanwata ta ce wani abu daga gefe, Inna ta ce mata ta yi shiru. Ta ɗan janye wayar daga fuskarta har na ga ɗankwalinta da bangon ɗakinta.

"Kai wannan," ta ce. "Juya mini wayar in gani."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na juya wayar. Ga fadama shimfiɗe har gindin duwatsu, ruwa na zuba a kanta, bishiyoyin kwakwa da ayaba suna rangaji, wasu mata uku sun rufa da leda sun duƙa suna dashe. Na daɗe a haka ina jiran faɗa. Na ma fi son a yi faɗan.

"Dashe suke yi?" ta tambaya.

"E, Inna."

"Matsa kusa."

Na fita cikin ruwan da kakina na tsaya a bakin kunya. Ta kalla da kyau, ta ce sun cika matse shukar, amma ƙasarsu ta fi tamu riƙe ruwa. Ta tambayi sau nawa suke nomawa a shekara. Na ce sau biyu. Ta tambayi sunan ƙasar, na faɗa mata, ta gwada maimaitawa ta kasa. Ta ce a gaida masu gidan, a yi musu godiya da suka karɓi baƙo.

"Inna, ki yi haƙuri, ni dai..."

"Shiga daga ruwan nan kada mura ta kama ka. A huta lafiya."

Ta miƙa wa ƙanwata waya. Ba ta yi maganar zakara ba.

Sauran kwanakin an kai mu wani rafi mai faɗowa daga dutse da wani wurin da giwaye ke wanka. Na je, na gani. Ɗan Zango ya yi ta ɗaukar hoto har da ni a ciki, ban hana shi ba.

Juma'ar da ta biyo ina ɗakin gadi a Ain Khaled, farin bango na gaske a bayana, na'ura tana gurnaninta. Inna ta gaishe ni kamar kullum. Ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta ba ni labarin an fara shuka. Na yi ta jan hirar ina jiran ta faɗi maganar da ta saba rufewa da ita. Da na ga tana shirin miƙa waya sai na yi ƙarfin hali.

"Inna, ya zakaran?"

"Mun yanka shi ranar Lahadi," ta ce. "Yara suka ci. Ni haƙorina bai iya ba, naman ya yi tauri."