Mashigan da Muka Hana Iya Jerawa

A gidanmu na unguwar Rumde Ajiya, a Garwa ta ƙasar Kamaru, da an idar da sallar magariba sai Iya Falmata, kakarmu ta wajen uwa, ta zauna bakin murhu tana gasa busasshen kifi, mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ruwa ya kawo, ku shigo jirgi." Mu amsa, "Mun shigo!"

'Yar fadamar kogin Logon ce, kudu da Kuseri, inda damina ke haɗiye hanya, kowane ƙauye ya zama tsibiri. Ta baro can tun da ƙuruciya, ta baro ƙanwarta Hadiza, wadda kullum Iya take cewa baɗi za ta je ta gani.

Tatsuniyar da ta fi so ta wani masunci ce, da ya taso daga kasuwa a kwalekwale, dorina ta tare shi dab da gida ta ce sai ya ba ta kifinsa duka. Ya yi mata wayo ya wuce. Amma kafin a kai ga dorina sai an bi hanya, kuma a ƙasarsu ba a nuna hanya da yatsa. Sunayen mashigan ruwa ake jerawa kamar waƙa, daga bakin kogi har ƙofar gida. Nan Iya za ta lumshe ido ta fara jero su da yarensu, ɗaya bayan ɗaya.

Ni ce uwar gajen haƙuri. "Haba Iya, tsallake! Kai mu wajen dorina!"

Sai ta ce, "Ke 'yar lekol, a makarantar bokonku kin haddace garuruwan Faransa kin ƙi na kakarki. Sauri dai ya haifi nawa." Ta yi dariya, ta tsallake. Kullum haka.

Ina da 'ya'ya biyu Iya ta kwanta ciwon ajali. Ta riƙe hannuna ta ce, "In na rasu, ki je ki gaya wa Hadiza da bakinki. Kada ta zauna tana jirana."

Bayan sadakar arba'in na hau mota zuwa Kuseri, ruwa ya cika maƙil. Na gaya wa wani dattijo mai jirgi sunan ƙauyen. Ya ce, "'Yata, ƙauyuka masu sunan nan da yawa, wasu ma sun tashi. Jero mini mashigan, in kai ki."

Na faɗi na farko. Na buɗe baki, babu na biyu.

Kwana uku muna yawo cikin ciyawa muna tambaya, ba mu dace ba. A jirgin nan na gane ashe hanyar gidansu Iya take koya mana, dorinar kuwa dabara ce ta riƙe mu mu zauna. Na yi kuka har dattijon ya daina tuƙi.

Saƙon yana wurina har yau. Idan Hadiza na raye, a wajenta yayarta tana nan Garwa lafiya lau, zuwa ne kawai ba ta yi ba.