Ginshiƙan Malam Absalom

Malam Absalom akawu ne a ofishin ayyuka na Yola, mutumin kudancin Adamawa, gajere, ba ya rabuwa da taye ko da zafin Jimeta zai narka kwalta. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas aka tura shi kwas Jos. A can abokai suka shigar da shi wata ƙungiyar asiri da ake ce wa loji, wadda 'ya'yanta ke kiran junansu magina. Ya dawo unguwarsu Dubeli da wani farin ƙyalle na ɗaurawa a ƙugu, da ɗan cokalin gini mai ƙyalli wanda bai taɓa ganin siminti ba.

Tun daga nan ba shi da zance sai Haikalin Sulemanu. A wurinsa kowane mutum dutse ne, ana sassaƙa shi har ya dace da ginin Allah. Yaro in ya yi ƙarya, sai ya ce kusurwarsa ce ba ta daidaita ba.

Ran nan matarsa Selina ta ce, "Baban Lilian, tunda ka zama magini, ga katangar kicin can tana jiranka."

"Namu ginin na zuciya ne, Maman Lilian."

"To, awaki ba ta zuciya suke shigo mini ba."

Maganar ta sosa masa rai, ya ƙudura sai ya nuna mata. Amma ina shi ina katangar kicin! Ginshiƙai biyu ya tayar a ƙofar gida da hannunsa, irin na ƙofar Haikali, masu suna Yakin da Bo'aza. Yakin dai ya tsaya ba laifi. Bo'aza kuwa ya karkata, ya sunkuya wajen shagon maƙwabcinsa Ɗantani tela.

Ɗantani ya leƙo ya ce, "Malam, wannan gaishe ni yake yi?"

"Sunansa Bo'aza, ma'anarsa ƙarfi."

"Allah ya ƙara masa."

Da damina ta kama, Ɗantani ya janye keken ɗinkinsa ciki, unguwa ta zuba ido. Bo'aza bai faɗi ba, haka ma baɗi. Malam Absalom kan fito da safe ya shafa shi, ya gyara taye, ya hau kekensa yana fito.

Sannu a hankali duk mai kwatance sai ya ce, "In ka kai ginshiƙi mai gaisuwa, ka yi hagu." Da Malam Absalom ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, wanda ya sayi gidan ya kawo lebura zai rushe su. Dattawan unguwa suka taru suka ba shi haƙuri, suka ce baƙinsu za su riƙa ɓata.