Jamusancin Modibbo Maude na Rugar Wuse

Ranar Talata, 20 ga Agusta, 1974, da hantsi, Allah ya karɓi ran Modibbo Maude a rugarsa da ke bayan garin Wuse, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ina Sheda wajen duba wasu shanu labarin ya riske ni, kafin in iso an riga an kai shi makwanci. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma Baba Modibbo, duk sanda na zauna zan rubuta maka ta'aziyya irin ta manya, sai in tsinci kaina ina dariya, kuma kai ka jawo.

Shekara goma ke nan da haɗuwarmu. Ni Jacob, da kake kira Yakubu, ɗan manomin doya, ina ƙaramin malamin dabbobi, ina bin ruga-ruga da allurar bushiya, annobar nan ta shanu. A lokacin aka ba ni gurbin karatun lafiyar dabbobi a Jamus, bisa sharaɗin in je Kaduna bayan wata biyar a gwada bakina da Jamusanci. In na faɗi, a ba na bayana. Duk abin da na mallaka wani tsohon littafi ne marar bango. Ina zaune a gindin ɗorawarka ina karanta shi da ƙarfi kafin a tattaro maruƙa, sai na ji an gyara mini kalma daga baya. Na waiga, ban ga kowa ba sai tsoho da malfa da sanda.

Ashe a Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ka, ka yi shekara huɗu a makarantar Jamusawa kafin yaƙi ya kore su. Shekara hamsin kana riƙe da harshen, ba ka sami abokin hira ba sai shanu. Mutanen ruga kuwa ba su taɓa yarda ba. Matarka, Inna Hindatu, cewa take yi surkulle ne ka ƙirƙira don ka riƙa zagin mutane ba a ganewa. Kakan yi dariya in ta faɗa, amma na lura abin yana ci maka rai, domin kai mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai jarrabawar Kaduna ta zama tamu mu biyu. In na ci, gaskiyarka ta fito. In na faɗi, ni na rasa Jamus, kai kuma ka tabbata mai surkulle.

Ƙasa ce allonka, sanda ce alƙalaminka. Ranar farko ka dube ni ka ce, "Yakubu, kai da kake ce wa saniya 'ya zo', kai ne za ka ƙasar da ko cokali an san jinsinsa?" Daga nan muka shiga abin da ya wuce. Ka koya mini cewa Bajamushe yana da jiya iri biyu, ta baki da ta takarda. In hira yake yi sai ya ce ich bin gegangen, na tafi. In labari yake rubutawa sai ya taƙaita, ich ging. Ta bakin kuma ba ta tafiya sai da ɗan rakiya, ko haben ko sein. Aikin da hannu ya yi, haben ke rako shi. In kuwa ƙafa ta ɗaga, ko mutum ya sauya daga wani hali zuwa wani, sai sein. Ka ce makiyayi ba ya ɓata a nan, domin rabin rayuwarsa tashi ne da sauka.

Amma abin da ka fi so shi ne wanda kake kira "An". Das Kalb wurde verkauft, an sayar da maraƙi. Wa ya sayar? Oho. Ka ce da ka fara jin wannan a makaranta ka san Jamusawa ma sun san kunya, tunda suna iya faɗin abin da aka yi ba su nuna wanda ya yi ba.

A nan ne na yi abin da ba ka daina ba da labarinsa ba. Ka ce in faɗi inda aka haife ni. Ni kuwa na saba jingina komai ga haben, na buɗe baki na ce, "Ich habe in Sheda geboren." Ka ajiye sanda, ka kama hannuna biyu-biyu, ka ce, "Barka da sauka lafiya, Yakubu! Me aka samu? Yaushe suna?" Ashe cewa na yi ni na haihu. Ka ƙwala wa Inna kira ta dama wa mai jego kunu. Ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma tun daga nan ban sake kuskuren ba.

A Kaduna wata Bajamushiya mai farin gashi ce ta gwada ni. Tambayarta ta biyu ita ce inda aka haife ni. Na danne dariya da ƙyar na ce, "Ich wurde in Sheda geboren." Sai ta ce in ba ta labari, na ba ta na shekarar da bushiya ta ci garken mahaifinka, da jiya ta takarda, yadda ka koya mini. Ta cire tabarau ta ce rabonta da jin wasu kalmomin tun bakin kakanta, wa ya koya mini? Na ce wani makiyayi ne a Wuse. Ta ce na ci jarrabawar, sannan ta ɗauko takarda ta rubuta maka gaisuwa da hannunta.

Ba zan manta yadda ka tara ruga kaf ba, ka sa na karanta wasiƙar sau uku, kana fassarawa kana satar kallon Inna. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce, "To, ashe mahaukatan da yawa, har da ƙasarsu." Amma da la'asar ita ta aiko mini da ƙwaryar kindirmo mafi girma.

Da na je gaisuwa ranar uku, Inna ta sa aka kira ni gefe, 'yarku Lantana na tsaye. Ta ce safiyar da za ka cika, kafin ka koma ga kalmar shahada, ka ɗaga kai ka faɗi wata magana da yaren nan har sau biyu. Suna tsoron wasiyya ce. Kwana uku tana maimaita ta a ranta kada ta zube kafin in zo. Matar da ta shekara hamsin tana cewa surkulle, ita ce ta runtse ido ta karanto mini, "Di kuwe zin nok nishit gemolkan wordan."

Na gane ta tsaf. Die Kühe sind noch nicht gemolken worden. Na ce, "Inna, cewa ya yi har yanzu ba a tatsi shanu ba."

Lantana ta rufe fuska da mayafi, don ranar ita ke da tatsa, jinyarka ta ɗauke mata hankali. Inna ta tambaye ni, "Bai ambaci sunan kowa ba?" Na ce bai ambata ba. Ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta ce, "Shi ne. Ba ka ƙara masa ko harafi ba."

Baba Modibbo, ka rufa wa mutane asiri har a maganarka ta ƙarshe, Allah ya rufa naka. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce mashekarinka na ƙarshe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hindatu da Lantana da 'yan'uwanta da dukan mutanen rugar Wuse. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci zuriyar da garken da ya bari. Amin.