Rediyo da Ambulan Mai Jan Hatimi

Shekara goma sha ɗaya teburina na kallon nata a ofishin sakatarori na cibiyar bincike, kuma ban taɓa sayen jarida ba. Wa aka ƙara wa girma, wa ya yi faɗa da matarsa, wa ya fasa na'ura ya ɗora wa zafi, duk kafin shayina ya huce na ji daga bakin abokiyar aikina. Shi ya sa ake ce mata Rediyo. Ni dai Yaya nake ce mata, don ta girme ni kuma tana da saurin hannu.

Ba muguwa ba ce, zurfin ciki ne Allah bai ba ta ba. Amma da ta shigo ɗaki ana hira, sai kowa ya yi tsit ya kama duba takarda. Dariya take yi ta wuce, ni kuwa na san abin yana cin ta.

Aikin cibiyarmu, yadda aka fahimtar da ni, a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa. Ana harba ilektoron ya daki furoton, wato ƙwayar da ke can tsakiyar zarra, sai wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira fayon su fallatso. A ƙirga su, a auna inda suka nufa, daga nan a gane yadda cikin furoton yake. Yaya ta ce wannan ai tsegumi ne, kawai dai su ana kiransu dakta.

Masanan suna da wata ƙa'ida. Sun ce mutum in yana son wata amsa, hannunsa kan karkata can ko bai sani ba. Don haka kwamfuta ke zaɓar wata lamba ta ninka sakamakon da ita, su yi ta lissafi a makance, sai an gama a buɗe lambar. Ita lambar a ambulan ake rufe ta, a ba wanda ba ruwansa da kimiyya.

Ranar da aka rufe ambulan ɗin, babban jami'in mulki ba ya nan. Wani injiniya baƙo, wanda ko sati bai yi ba, ya leƙo ofishinmu, ya ga mace mai kamala da tabarau, ya miƙa mata ta sa hannu. Da labari ya kai wa Farfesa, shugaban aikin, sai ya dafe kai ya ce, "An ba kura ajiyar nama." A kunnenta.

Yaya ta jefa ambulan a durowa ta kulle, ta rataya makullin a wuya.

Shekara huɗu! Na ga wahala da idona. Sai ta buɗe durowar, ta kalli ambulan, ta rufe da ƙarfi. Ta koyi saƙa don hannunta ya sami abin yi, har masu gadi suka sami huluna. Wata rana ta ɗaga ambulan ɗin saitin taga, na yi gyaran murya.

"Ƙura nake kaɗewa," in ji ta.

A shekara ta uku masu roƙo suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya duba bayansa. Wata ɗaliba mai neman digiri na uku ta zo da goyo, ta ce ita dai a gaya mata ko lambar ta wuce ɗaya. Mataimakin Farfesa ya ce hatimin kawai zai duba. Daga ƙarshe sai ga Farfesa da kansa, wanda ya yi shekara ashirin yana cewa ga yadda amsar za ta fito. Ya aike ni ɗauko fayil, ni kuwa na tsaya a bayan ƙofa.

"Baiwar Allah, na tsufa," in ji shi. "Minti ɗaya. Mu biyu kawai."

"Ranka ya daɗe, kura ba ta buɗe ajiya."

Ranar buɗewa zauren taro ya cika. Yaya ta sha ado, ta kai ambulan gaba da hannu biyu. Aka fasa hatimi, aka shigar da lambar, zane ya fito a allo. Amsar ta kauce wa hasashen Farfesa, ba da yawa ba, amma ta kauce. Ya daure ya miƙe, ya ce abin alfaharinsa shi ne a shekara huɗu ko mutum ɗaya bai nemi leƙa ambulan ɗin ba. Sai santsin baki ya kwashe shi.

"Ko ba haka ba?" Ya juyo ya miƙa wa Yaya makirufo.

Nan take ya gane abin da ya yi. Mutum bakwai na ƙirga cikin masu roƙon nan, duk sun kama duba takarda. Ɗalibar nan ta sunkuyar da kai. Yaya ta riƙe makirufo, zaure cike, labari mafi daɗi a duniya yana kan harshenta. Zufa ta keto mata. Wallahi tausayinta ya kama ni.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji ta, ta zauna.

Bayan sati biyu na shigo da safe na tarar da Farfesa yana fita daga ofishinmu, idonsa ja, yana yi mata godiya. Kafin azahar mutum uku suka shigo, kowa ya jawo kujera kusa da ita ya rage murya. Da suka watse na matso.

"Yaya, me ya faru?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta cire tabarau ta share ido, tana dariya tana hawaye.

"Ke dai bari, ƙanwata. Kowa ya zo ya juye min sirrinsa ya tafi sakayau. Ni kuma ina zan kai?"