Baƙon da Luba Ba Ta Yarda da Shi Ba

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyensu, Luba ta kwaso ɗanta Ubale da matarsa suka dawo bakin hanyar Tudun Wada, inda aka yanka musu gona. Maigidanta ya riga ya rasu. Gonar ta karɓi dawa har ta yi musu yawa, sai Luba ta fara tuƙa tuwo tana sayar wa direbobin manyan motoci. Direbobin ne suka dame su da neman wurin miƙe ƙafa, Ubale ya gina ɗaki biyu na ƙasa. Kafin shekara uku ɗakunan sun zama takwas da rufin kwano, har sun buɗe wani masaukin a Ƙafin Maiyaki saboda 'yan kasuwa.

Ana haka wani mutum mai suna Ɗantani ya fara zuwa. Shi ba direba ba, ba kuma ya ɗauke da kayan sayarwa. In ya ci tuwo sai ya zagaya yana taka faɗin ɗakuna da ƙafa, yana leƙa rijiya. Luba ta tsaya da muciya a hannu tana binsa da ido. Haka wasu suka yi a ƙauyensu: suka zo da fara'a, suka sha fura, suka yi awo, daga baya aka ce kowa ya tashi.

"Ubale, mutumin nan na gwamnati ne," in ji ta. "Sake tashinmu za a yi."

"Haba Inna, baƙo ne kawai."

"Wane irin baƙo ne zai ci tuwo ya koma kallon azara?"

Zuwansa na uku ta tare shi da kanta. "Malam, me kake nema a gidan nan? Faɗa mini ƙiri-ƙiri."

Ɗantani ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce shi mutumin Doguwa ne, yana da fili kusa da tasha, fatake da masu shanu kuwa ba su da wurin sauka sai gindin bishiya. So yake a gina irin wannan masauki a can, shi ya ba da fili, su su kawo iyawa.

Ubale ya washe baki.  Ran kasuwa Luba ta hau mota ta tafi Doguwa ba da sanin kowa ba. Ta tambayi mai unguwa, ta tambayi mata masu tallan nono, har da mai wanzanci. Duk bakinsu ɗaya: filin nasa ne na gado, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

"Kowa yabonsa yake," ta gaya wa Ubale da ta dawo. "Abin da bai kwanta mini ba ke nan."

Ta dai amince, amma da sharaɗi. Ba za a taɓa gonarsu ba, kuma 'yar ƙanwarta Safiya ce za ta riƙe madafa a can, ta riƙa aiko mata da duk abin da ta gani. Aka buɗe masauki na uku a 1978. Safiya ta sa ido har ta gaji, ba ta samo masa laifi ba sai yawan surutu.

Duk da haka, in Ɗantani ya kawo wa Luba tsarabar zuma daga Doguwa, takan yi godiya, ta sa masa albarka, sannan ta miƙa masa cokali ta ce, "Bismillah, fara ɗanɗanawa."