Dokin da Kaka Ya Kushe

Shekarar da ɓarayin daji sunka kore dabbobin ƙauyensu can wajen Gatawa, anka kawo mana kakan mijina Sabon Birni, shi da tabarmarsa da wani tsohon linzami da ya ƙi yarda a baro. Dokin linzamin yana cikin abin da anka kora. Akawal ne, baƙi wuluk, kuma Kaka ya fi gane tarinsa da na jikokinsa.

Da can in na je gaishe shi, tun daga zaure yake fara tsokanata irin ta kaka da matar jika: "Ga amaryata! Yaushe za ki rabu da wanga yaro ki dawo ga namiji?" Ni kuma in ce sai ranar da ya sake haƙora. Amma da ya zo gidanmu sai ya juya fuska ga bango. In kai masa fura da hantsi, in ɗauke ta da la'asar ta tsinke. Masallaci na ƙofar gida, amma a ɗaki yake salla, a zaune. Wata rana na ce masa ango, ya ce, "Na'am, ɗiyata." Na shiga madafa na yi kuka, don na san in Kaka ya bar wasa, to duniyar ce yake shirin bari.

Ƙanin mijina ɗan kabu-kabu ne, yana kai 'yan kasuwa tsallaken iyaka. Can ya koyo kallon tseren dawakin Faransa a waya, irin wanda ake jera masu shinge da ramin ruwa suna tsallakewa. Duk gidan babu inda layin Nijar ke kamawa kamar gindin bangon Kaka, don haka nan yake zama bayan azahar. Ina tankaɗe a tsakar gida ranar da ƙarar kofatai ta fito daga wayar, sai na ji murya daga ɗaki:

"Wa ad da doki nan?"

Kafin mako ya zagayo, Kaka ya fito da tabarmarsa bakin ƙofa. Farkon abin da ya ɓata masa rai mahayan ne. "Dubi wanga, likkahwa ga wuya, baya sama awa mai tsintar gujiya! Ba su da sirdi garinsu?" Ya sha rabin furarsa yana faɗa, bai ma san ya sha ba.

Ƙanin mijina yana da wata takarda ta Faransanci da yake sayowa can, cike da lambobi, yana bin ta da yatsa kamar mai bitar jarrabawa. Kafin kowane tsere ana zagayawa da dawakin a nuna su, shi kuma ya fara bayani:

"Kaka, wanga ya zo na biyu, ya zo na ukku, ya hwaɗi sau guda. Amma yau an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, shi ko laushi yaka so. Ga shi an rage mai nauyi."

"Takarda ta taɓa hawan doki? Matso mini in ga ƙahwahunai."

Kaka zai duba ƙirji, ya duba inda gashi ya murɗe a wuya, ya ƙirga fararen ƙafafu, sannan ya zaɓi wanda ya fi kowa natsuwa. "Wanga ɗan gidan mutunci na. Ka hau shi ka tahi gaisuwar mutuwa, ba ya ba ka kunya." Wanda kuwa ke gumi yana fizgar linzami yana harbin iska, Kaka ya ce, "Mahaukaci, ba tarbiyya. Ko kyauta ban so."

Sai a saki dawaki. Ɗan gidan mutunci ya zo na ƙarshe a tsanake, mahaukaci ya wuce kowa. Akwai ranar da dokin Kaka ya iso shinge, ya dube shi, ya tsaya cik, mahayin ya tsallake shingen shi kaɗai. Kaka har da tafi. "Kun gani? Hankali! A garinmu doki mai tsallake shinge gonar mutane za ya ci, a kai ka gaban hakimi."

Murna nake ta yi, har ranar da na je bayan rumbu ɗebo itace na iske ƙanin mijina yana waya ƙasa-ƙasa da abokinsa na tsallake: "Tsoho ya zagi lamba bakwai. Sa mini ita, maza kahin a ruhe." Ashe ya daɗe da gane cewa takardarsa takan yi kuskure, amma zagin Kaka da wuya ya faɗi ƙasa. Caca yake yi da bakin tsohon da bai san ana yi ba.

Abin ya tsaya mini a rai. In na faɗa wa Kaka, na san shi, zai yi istigfari ya rantse ba ya ƙara kallo, ya koma ga bangonsa. In na yi shiru, ga haram tana shigowa gidana ta bakin mai furfura. Mijina ya ce zai yi wa ƙaninsa magana, to amma shi maganarsa takan yi wata tana ɗaura takalmi. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya ba tare da na ce gidan wa ba, ta ce tseren kansa ba laifi, kuɗin da ake zubawa ne masifar.

Na tare ƙanin mijina yana wanke babur. "Ƙanena, daga yau tseren da anka gama jiya za ka kawo ma Kaka. In ka kawo na yau kuwa, za ni hwaɗa mai abin da kaka yi da zaginai."

"Haba matarmu! Tseren da anka gama, mi za ni yi da shi?"

"Kai ba komi. Shi za ya yi."

Ya yi ta gunaguni, amma yana tsoron sandar Kaka. Ya riƙa tura mini na jiya a wayata. Sai dai zaman ya daina, don shi ba dawakin ke zaunar da shi ba. Nan na ga inda dabarata ta gaza. Na jingina wa Kaka wayar ga buta, ya kalla kaɗan, ya ce, "Kashe. Wa za ni hwaɗa ma?" Ya ja tabarmarsa ciki. Ashe ba doki kaɗai yake nema ba, har da wanda zai musa masa.

Washegari bayan azahar na ɗauko tiren shinkafar da nake tsincewa na zauna bakin ƙofarsa, na kunna wayar, na ƙara murya. Ban san komi game da doki ba sai cewa yana cin harawa. Da anka fara zagayawa da su na ce da ƙarfi, "Wancan ƙaramin ja shi za ya ci."

Can sai ga kai ya leƙo. "Wane? Wanga mai ƙahwahu awa na tsintsiya? Don mi?"

"Rigar mahayinai irin atamfar da nis sa ranar sunan ɗiyata ce. Kuma tausai ya ba ni."

"Innalillahi! An bar takarda an koma atamfa!" Ya fito da rarrafe ya zauna, ya yi mini karatun ƙirji da kofato har shinkafata ta sha rana. Ya zaɓi wani doki kili mai tafiya kamar liman.

Ƙaramin ja ya tsallake duk abin da anka gitta masa, ya zo na ɗaya. Kili ya faɗa ramin ruwa ya fito yana atishawa. Na ce, "Ango, ko in koya maka?"

Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya ce lallai na kalla tun da safe na ɓoye. Na ce wallahi ban kalla ba. Ya ce to mata sun lalace, kuma wagga magana ba ta tsaya cikin gida, sai dattawa sun ji. Daidai nan ladan ya kira la'asar. Ya laluba sandarsa, ya miƙe da ƙyar, ya nufi zaure yana cewa a shaida ya sake ni saki ɗaya, amma in aje masa na gobe, kada in kuskura in buɗe kafin ya dawo.