Mai Agogo da Ƙwayar Talata

A shekarar 2018 ne Mai Agogo ya daina ɗaura agogo. Wuyan hannunsa na hagu ne ya kumbura har maɗaurin ya ƙi kaiwa hudar ƙarshe. Ya mayar da shi hannun dama, can ma ya ƙi. Sai ya jefa shi aljihu, ya ce mana ai dama manyan mutane a aljihu suke ajiye nasu.

Shagonsa yana tsakanin na mai sayar da wayar hannu da na mai wanki da guga, faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. Akwai tebur da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da madubin ido ɗaya, da hantsaki, da sukudireba sirara kamar tsinken sakace. A bakin ƙofa akwai benci, inda nake zama tun da na ajiye alli. A wajen kawunsa ya koyi sana'ar, da ita kuma ya raini 'ya'ya biyar.

Dokoki biyu yake aiki da su. Ta farko, ba ya mayar wa mutum agogo ranar da ya gyara shi. Sai ya liƙa masa takarda, ya rataye shi a bango mako biyu kusa da wani babban agogo da yake kira uwar agoguna, ya ga ko za su yi tafiya ɗaya. Ta biyu, idan ya buɗe agogo ya ga wani ƙarfe da bai gamsu da aikinsa ba, sai ya cire shi ya saurara. In agogon ya ci gaba da bugawa, to ƙarfen ɗan cin banza ne, sai ya jefa shi a wani tsohon gwangwanin madara da yake kira gwangwanin saura.

Ciwon da safe yake kama shi. Yatsunsa sukan wayi gari a sandare kamar busassun ƙirare, ba sa saki sai hantsi ya dubi ludayi. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita ta koma ɓalla masa maɓallin riga. Ya shafa man zafi, ya gasa da ruwan ɗumi, ya sha duk abin da masu wucewa suka ba da shawara. Wata takwas ana haka, hantsaki yana suɓucewa, kusoshi suna ɓacewa a ƙasa, ni kuwa ina rarrafe ina nema masa.

Rannan babbar 'yarsa ta zo. Alƙaliya muke ce mata, domin tun tana ajina na uku take yanke hukunci. Ta tarar da shi yana ƙoƙarin buɗe bayan agogo da haƙori.

"Baba, gobe asibiti," in ji ta. "Kuma na ba ka wata shida. In hannun nan bai dawo ba, za a rufe shagon nan. Ga Mai Waya nan ya daɗe yana son a fasa bango ya faɗaɗa nasa."

"Ni za ki ba wa'adi? Ni da na koya miki karanta lokaci?"

"To ai shi nake karanta maka."

Da ni aka je, a matsayin mai karanta takardu. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannu da na ƙirji, aka ce mu dawo. Da muka dawo, likitar, wata matashiya mai fara'a, ta latsa gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa. Ta ce amosanin gaɓɓai ne, amma ba irin na tsufa ba. Wannan garkuwar jiki ce ta rikice take yaƙar gaɓoɓin mai ita.

"Wato maigadi ne ya koma sata," in ji Mai Agogo.

"Kamar haka, Baba. Ba a korarsa, amma ana ladabtar da shi."

Ta rubuta magani iri uku. Na farko mai kashe kumburi ne cikin hanzari, za a sha kullum da safe, a riƙa rage shi sannu a hankali har ya ƙare cikin wata biyu. Na biyu shi ne babban, sunansa metotireksat, 'yan ƙananan ƙwayoyi huɗu a rana ɗaya tak cikin mako. Ta maimaita har sau uku cewa rana ɗaya a mako, ba kullum ba, ta kuma sa ya zaɓi ranar da kansa. Ya zaɓi Talata. Na uku sinadari ne da zai rage wa jiki wahalar na biyu, ana shansa wata rana dabam. Ta ce babban ba ya nuna aikinsa sai bayan mako shida zuwa goma sha biyu. Ta ce zai iya jin tashin zuciya da kasala washegari, za a riƙa auna jininsa duk mako biyu da farko don a lura da hanta da ƙwayoyin jini, kuma in ya ji zazzaɓi, ko gyambo a baki, ko tari da sarƙewar numfashi, ya taho ba tare da jiran ranar alkawari ba. Na rubuta duka da jan biro. Shi kuwa agogon bangon ofishin yake kallo, wanda ya ce ya yi lattin minti uku.

Kafin mu iso gida ya raɗa wa magungunan suna: Gaggawa, da Ta Talata, da 'Yar Rakiya. Ma'aikaciyar da ke ɗibar jininsa kuwa Sauro ya sa mata, ita ma ta amsa sunan, har takan ce masa, "Baba, miƙo hannu, yunwa nake ji."

Kwana huɗu da fara Gaggawa ya ɓalla maɓallinsa da kansa. Ya zo shago yana murza yatsu a gaban Mai Waya, yana tambayarsa ko bangon yana nan lafiya. Ta Talata kuwa ba ta ba shi komai ba sai Laraba mai nauyi. Yakan wuni zuciya tana tashi, ko ƙamshin girkin Inna ba ya so.

Abin da ya biyo baya ban san shi ba sai daga baya. A mako na biyar ya yi wa jikinsa abin da yake yi wa agogo. Ya cire Ta Talata ya saurara. Laraba ta zo lafiya lau, hannu yana aiki. Ya sake tsallake wata Talatar, shiru. Sai ya yanke hukunci cewa ɗan cin banza ya kama. Duk Talata yakan karɓi ƙwayoyin a hannun Inna, ya ce zai sha a shago da shayi, ya zuba su a gwangwanin saura.

Jiki magayi. Ana gama rage Gaggawa, ba a yi kwana goma ba ciwon ya dawo, ya kuma taho da baƙi, domin wannan karon har da gwiwa. Inna ta koma ɓalla maɓalli. Mai Waya ya fara shigowa gaisuwa sau uku a rana, bakinsa yana cewa sannu, idonsa yana auna bango.

Ni na tona asirin, ba da niyya ba. Kusar tabarau ɗina ce ta faɗi, na juye gwangwanin a tafin hannu ina neman madadinta, sai ga ƙwayoyi ashirin da huɗu a cikin ƙarafa.

"Malam, mayar," in ji shi a hankali. "Tsakanina da kai."

"Shekara talatin da biyar ina kama yara da aikin gida a ƙarƙashin benci, ban taɓa kama mai furfura ba sai yau."

"Gwaji na yi. Na cire, agogo bai tsaya ba."

"Ga shi kuwa yana ta gudu," na ce, ina kallon yatsun da suka kasa riƙe kofin shayi.

Ranar komawa asibiti, Alƙaliya, wadda na kai wa labarin, ta dire gwangwanin a kan teburin likita kamar shaida a kotu. Likitar ta ce gara da aka faɗa mata, domin da ta ɗauka maganin ne ya gaza, ta ƙara masa ƙarfi a banza. Ba ta yi faɗa ba. Ta saurari bayanin gwajin har ƙarshe, sannan ta ce:

"Baba, in ka gyara agogo yana bugawa, ranar kake ba mai shi?"

"Haba, Likita! Sai dai 'yan koyo. Bugawa dabam, riƙe lokaci dabam. Sai ya yi mako biyu a bango."

"In mai shi ya matsa fa?"

"In ce masa sauri ya haifi nawa."

"To Gaggawa girgiza agogo ce kawai, ya buga na ɗan lokaci. Ba a daɗewa a kanta, tana da nata lahanin. Ta Talata ce gyaran, ita ke hana gaɓoɓin lalacewa. Kai kuwa ka sauke ta daga bango tun ba a ga tafiyarta ba."

Ya sosa ƙeya. Alƙaliya ta ce, "Wanzami ba ya son jarfa." Can sai ya jawo gwangwanin, ya ce to bari ya haɗa na baya duka ya shanye yau a wuce wurin. Likitar ta fizge gwangwanin har kusoshi suka watse a ƙasa.

"Kul, Baba! Wannan ba shi da ramuwa. In aka tara shi, ko aka sha kullum, guba ne. Huɗu, ranar Talata, shi ke nan."

Ta sake auna jininsa, ta mayar da shi kan maganin, ta ce ya riƙa sha bayan cin abincin yamma domin tashin zuciyar ya yi sauƙi.

Washegari ya sa na rubuta takarda irin wadda yake liƙa wa agogo: "Hannu biyu da gwiwa ɗaya. An karɓa yau. Kada a taɓa sai mako goma sha biyu." Ya rataye ta kusa da uwar agoguna. Kullum da safe yana duba minti nawa yatsunsa suke ɗauka kafin su saki, ya zo ya faɗa mini in rubuta a bayan takardar. Mako uku na farko minti casa'in ne ba ragi, har ya fara hararar bangon. A mako na bakwai aka samu sittin. A na tara ya koma saba'in. A na goma sha biyu na rubuta ashirin.

Saura kwana tara wa'adi ya cika Alƙaliya ta zo da ɗan agogon hannunta, mai kusoshi huɗu kamar ƙwayar gero. Mai Waya ya tsaya a ƙofa wai ya zo aron tsintsiya. Mai Agogo ya ɗora madubi a ido, ya ɗauki hantsaki. Kusa ta farko ta suɓuce, na yunƙura zan rarrafa, ya ce in zauna. Ya tsince ta a kan koren ƙyallen, ya zaunar da ita, ya murza. Ya bi sauran ukun, ya rufe bayan agogon, ya kara a kunnenta.

"Shagon ya tsira, Baba," in ji ta, ta miƙa hannu. "Ba ni, zan wuce."

"Ki dawo bayan mako biyu," ya ce, ya rataye shi a bango.

Yau Mai Agogo yana buɗe shago da ƙarfe tara, ya rufe da azahar. Ciwon bai warke ba, an dai danne shi, kuma yatsu biyu na hannun dama sun ɗan karkace, ba su miƙe ba. Yana shan ƙwayoyinsa duk Talata a gaban Inna, yana kai wa Sauro hannu duk wata uku. Agogonsa ya dawo hannun hagu, a huda ta biyu daga ƙarshe. Bangon yana nan ba a fasa ba.